Sarautar Tafki da Ramar Surukina

Sau ɗaya tak na taɓa riƙe sarauta a duniya, kuma ba rawani aka naɗa min ba. Sandar darbejiya aka miƙo min, aka ce in je in zauna a bakin tafki in hana mutanen garinmu kashe kansu. Har yau ban ga aikin da ya fi wannan wuya ba, don mutanen garinmu in suka sa abu a gaba ba sa son a tare su.

Shekarar ita ce wadda ruwa ya ɗauke gero bai gama fitar da kai ba. Sau uku muna fita roƙon ruwa, har da awaki. Hadari yakan taso daga gabas baƙi ƙirin, ya tsaya a kanmu ya ƙare mana kallo, sai ya tuna ba nan aka aiko shi ba, ya miƙe wajen Dawakin Tofa. Abin da na girba a gonata a hammata na ɗauko shi. Da na zube a tsakar gida kazarmu ta zo ta duba, ta ɗaga kai ta dube ni, ta koma tonon ƙasa. Ita ma ta ga bai kamata ta taɓa ba.

Yunwa mun san yadda ake lallaɓa ta, a ci tafasa, a ci zogale, a ƙara ɗaure tazuge. Ruwa ne ya tayar mana da hankali. Rijiyar gari, wadda a da igiya gaba takwas take kai wa, ta dinga gudu ƙasa kamar mun yi mata laifi. Ka jefa guga da hantsi, ka je a yi maka aski, ka dawo, sannan ka ji faɗuwarsa. In ka jawo, rabin ƙwarya ne na laka, da kwaɗo ɗaya yana maka kallon raini. Abin da ya rage mana shi ne tafkin gabas. Dattawa suka auna shi da ido suka ce in an lallaɓa zai riƙe mu har a yashe rijiya a ƙara mata zurfi. In kuwa ya lalace kafin nan, sai dai kowa ya ɗaure tabarmarsa ya bi hanyar birni, yadda maƙwabtanmu na arewa suka yi.

To, a nan hikimar mutanenmu ta bayyana. Rijiya ta yi nisa, don haka kowa yana son doguwar igiya. Igiya da rama ake tufka ta. Rama kuma ba ta sakin ɓawonta sai an ɗaure ta dami-dami an nutsa a ruwa kwana da kwanaki ta ruɓe. Ruwan da ya rage a gari kuwa ɗaya ne. Wato don mu kai ga ruwan da babu a rijiya, muka tashi haiƙan muna ruɓar da wanda ke akwai a tafki. Wanda bai taɓa jin warin jiƙaƙƙiyar rama ba ya gode wa Allah. Ungulu ma in ta biyo ta kai, sauya hanya take.

Malamin duba-gari ya zo a kan keke da gorar ruwansa a rataye. Ya tsaya nesa da tafkin, ya toshe hanci da hankici, ya yi mana dogon bayani a kan ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Aka kawo masa ruwan baƙunta, ya leƙa ƙwaryar, ya ce yana azumi. Ranar Talata ce, bakinsa kuma ja wur da goro. Ya ce a naɗa mai gadi, ya hau kekensa. Ba mu ƙara ganinsa ba sai kaka ta gaba, da aka sami abin ɗaura masa a bayan keke.

Da la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Kowa ya yi tir da masu jiƙa rama, har da waɗanda hannunsu ke warinta. Can gefe surukina yana zaune, ya ɗage wando zuwa gwiwa yana murza igiya a cinya. Dattijo ne Babarbare. Kakansa ne ya zo daga gabas da jakunan kanwa, ya zauna, ya yi gona. Barbarcin duk ya zube a hanya, sai gaisuwa da zanen fuska da jin kai suka iso. Amma a tufka babu kamarsa a ƙasarmu. Igiyar gugana ma shi ya ba ni, da alamarsa a baki, ƙulli uku a jere da ɗan jan zare a tsakiya.

Ni kuwa bakina ba ya zama. Na miƙe na ce, "Wallahi da ni ne mai gadin tafkin nan, ƙuda ma sai ya yi alwala kafin ya sauka a kai."

Mai unguwa ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa. Mai unguwa ya ce, "Madalla. An ba ka."

Aka yi ta tafi, aka ce Allah ya ja zamanin sarkin ruwa. Na lura tafin ya yi yawa, amma na ɗauka farin jini ne.

Dokoki huɗu na kafa: ba wanki, ba wanka, ba dabba, ba rama. Na fara da waɗanda na fi ƙarfi. Na kori mata masu wanki, na kori jakin mai unguwa sannan na bi shi na ba shi haƙuri. Rana ta uku na yi babban kamu. Akwai wani tsohon Bafulatani da rugarsa ke bayan fadama, kowa Baffa yake ce masa, siriri kamar sandarsa. Fari ya cinye masa garke, saura shanu bakwai, su ma ƙashi ne aka lulluɓe da fata. Ya kawo su sha, na tare hanya, na ɗaga sanda, na yi jawabin da ya fi na duba-gari tsawo.

Ya jingina da sandarsa ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Sarkin ruwa, shanuna suna shan tafkin nan tun ana goya ka. Bai yi wari ba sai bana. Ka yi tunani, in ka zo da abin yin tunanin."

Na ce ba a yi wa sarki musu. Ya juya shanunsa suka tafi, suna zagaya tafiyar rabin yini zuwa wani kwari. Gari ya yaba min ƙwarai. Kowa ya ce dama shanun ne.

Shanu suka tafi, wari ya zauna. Ruwan ya koma kore, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Gudawa ta shiga gari, ta bi gida-gida ba sallama. Ta kama maiɗakina, kwana uku ta zabge, idonta ya faɗa. A dandali kuwa bayanin da aka tsayar shi ne iska ce ke kwaso warin daga ruga ta zuba a tafki.

Dole in faɗi wani abu a kan yadda nake gadi. Akwai tsamiya a bakin tafkin, inuwarta kuma ba ta da imani. In rana ta take, nakan ɗan rufe ido don in ji motsi da kyau. Wasu sun ce minsharina yana kaiwa masallaci, amma maƙiya ne. Wata rana cinnaka ya shiga wandona ya hana ni wannan aikin sauraro. Ina zaune ina susa sai na ga kumfa tana tasowa daga tsakiyar ruwa, ɓul, ɓul. Na tuɓe riga na shiga. Ruwa bai kai min ƙugu ba ƙafata ta taka dami. Na matsa, wani dami. An danne su da kututture da marmara, an jera su reras kamar buhuna a sito. Ashe duk azahar, ina aikin sauraro, mutane suna wucewa ta gabana da rama a ka. Daga baya wani ya ce min sau biyu yana gyara min hula don kada rana ta dame ni.

Masu jiƙa rama suna da al'ada. Kowa yana sa wa daminsa alama don kada a yi rigima ranar tsamewa: wani tsumman shuni, wani kaba, wani gashin jela. Garin kuma ƙarami ne, alamar kowa sananniya ce. Na jawo goma sha wani abu, na shanya a gaɓa, na shiga gari jiƙe sharkaf. Na tsaya a dandali na yi shela cewa ranar Juma'a, in an dawo daga masallaci, zan zube duk damin da na samu a gaban jama'a, in kira mai shi da sunansa da na ubansa. Na ce ko na wane ne. Na maimaita, ko na wane ne. Har na rantse.

Kafin magariba masu ƙananan dami suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa wucewa yake yi, kowa ya wuce da nasa. Na koma cikin ruwa in duba wajen zurfi. Can na tarar da manyan, guda huɗu, kowanne sai ƙato biyu sun ɗauka. Na laluba bakin ɗaurin. Ƙulli uku a jere. Na ɗago shi sama da ruwa, ga ɗan jan zare yana min murmushi.

Na daɗe a tsaye cikin ruwan nan har kwaɗi suka saba da ni.

Wanda bai san tsakanina da surukina ba zai ce in je in gaya masa mana. Shekara bakwai ina auren 'yarsa, ban san launin idonsa ba. In na hango shi a hanya, takalmina a hannu yake ƙarasa tafiyar. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, har wani ɗan ƙanena da aka sa wa sunan, laƙabi na yi masa. Wannan mutumin ne na rantse zan kira da sunansa da na ubansa a gaban gari.

Na tafi wajen mai unguwa na durƙusa. Na ce, "Ranka ya daɗe, an sami matsala. Manyan damin nan..."

Ya ce, "Na Baba ne. Mun sani."

"Kun sani?"

"Wa bai sani ba? Ai shi ya sa muka ga ka dace. Kai ɗan gida ne, ka san yadda za ka bi da shi."

Sai a lokacin na gane tafin nan. Duk garin sun san wa ya fi kowa rama a tafki, ba mai iya tunkararsa, kuma kowa yana son ɗan nasa damin ya gama jiƙa a inuwar na dattijo. Sai suka zaɓi mutum ɗaya tilo da ba zai iya buɗe baki ba, suka ba shi sanda. Da wannan basirar aka sa a haƙar rijiya, da mun huda duniya mun fita ta ɗaya gefen.

Na koma gida. Maiɗakina tana kwance a tabarma, na zauna na gaya mata. Na ce ko za ta aika wa Baba.

Ta ce, "Malam, ni ce 'yar farinsa. Sunana ma ba ya faɗa. Ina kwance kwana biyar, ka ji ya tambaya? Ba zai tambaya ba, kunya yake ji. Ni kuma in aika in ce ramarsa tana wari? Kai aka ba sanda."

Na ce sanda ba ta magana.

Ta juya ta fuskanci bango. Can ta ce, "Mutum ɗaya na taɓa ji ya zagi Baba a gaban mutane, Baba ya yi dariya."

"Wa?"

"Wanda ka kora."

Haka ne kuwa. Bafulatani da Babarbare abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Kowa yana ce wa ɗaya bawansa, kuma duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, doka ta hana fushi. Maganar da in na faɗa za ta kashe min aure, in Baffa ya faɗa gaisuwa ce.

Da safe na tafi ruga, ba sanda. Na tarar da shi yana cire wa wata saniya kaska. Na yi sallama, na tsuguna, na gaishe shi, na gaishe da shanu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "A'a, sarki da kansa? Ka zo korarmu daga nan ma? Nan ba ruwa, sai dai ka hana mu iska."

Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya kira matarsa ya sa na sake faɗa daga farko.

Da ya huta ya ce, "Zan yi, don tsohon bawana ne, gyaransa a wuyana yake. Amma shanuna fa? Ka ga ƙafafunsu."

Na ce doka ta hana dabba shiga tafki.

Ya ce, "Ba za su shiga ba. Ka sa komi can nesa da gaɓa. Sarkin ruwa ya cika shi safe da yamma, da kansa, har ruwan sama ya sauka."

Shanu bakwai ne, na ce ba komai. Ban san saniyar da ta rame rijiya ce ta biyu ba.

Ranar Juma'a aka dawo daga masallaci, aka taru a dandali ana jiran a ga yadda sarkin ruwa zai haɗiye rantsuwarsa. Ni ina bayan wani rumbu da ke kallon zauren surukina, ina nazarin yadda aka yi masa jinka. Sai ga Baffa ya ɓullo daga gabas, bijiminsa yana jan dami huɗu a ƙasa, ƙudaje suna rakiya kamar 'yan kai amarya. Bai tsaya a dandali ba, ya zarce ƙofar zauren. Jama'a suka bi shi, kowa hannu a hanci.

Ya ɗaga murya. "Ina bawan nan nawa? Fito ka karɓi kayanka, na gaji da yi maka dako."

Surukina ya fito yana gyara riga. Ya ce, "Wane ɗan daji ne yake min ihu a ƙofa? Au, kai ne. An kore ku daga tafki kun shigo gari bara?"

"An kore mu, wari ya ƙi bin mu. Na ce bari in nemo ubangidansa. Kakanka da kanwa ya zo garin nan, aka ji daɗin miya. Kai kuma ga abin da ka kawo."

"Dami huɗu ne za su ɓata tafki? Kashin shanunka fa?"

"Shanuna kwana ashirin ba su ga tafki ba. Sun ma yi ƙiba."

Aka fashe da dariya, har surukina ya murmusa. Sai Baffa ya kwance wata gora daga kafaɗa, ya tsiyaya ruwan tafkin a ƙwarya, kore shar, ya miƙa da hannu biyu.

Ya ce, "Ga furar gidanka. Sha, bawana. Kada ka ji ƙyama, 'yarka ma shi take sha. Yau kwananta bakwai a kwance. Kai ba ka tambaya don kunya, ita ba ta aiko ba don kunya, mijinta ya san mai ramar ya yi shiru don kunya. Kunya ta kusa yi muku gawa. Ga mijin can bayan rumbu, ƙafarsa ce waccan."

Na janye ƙafar, amma an riga an gani.

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Surukina ya karɓi ƙwaryar, ya kai hanci, ya daɗe yana kallon cikinta. Ya tsiyayar a ƙasa a hankali. Bai dubi rumbu ba. Ya juya wajen mai unguwa ya ce, "Yaushe za a fara yasar rijiya?"

Mai unguwa ya ce sai an sami igiyar da za ta ɗauki mutum.

Surukina ya ce, "Igiya tawa ce. Wanda ya ƙara sa rama a tafkin nan, ni da shi ne." Ya shige gida. Da yamma aka aiko gidana da tulu biyu na ruwan da aka ɗebo daga wani gari, aka ce a ba masu gida. Ba a faɗi wa ya aiko ba, ba a faɗi wa za a ba ba.

Tun daga ranar nan tafkin ya sami mai gadi na gaske, ni kuma na koma ɗan garuwan shanu. Ruwan bai koma garau ba, amma ya daina yauƙi, in an tace an tafasa yana shiga ciki ya zauna lafiya. Maiɗakina ta miƙe. Kullum tafkin yana ja da baya, mu kuma muna bin sa da tulu, har ya zama mutum zai iya tsallake shi in ya ɗan yi gudu.

Aka sa ranar yasa. Surukina ya kawo igiyar, kauri kamar damtsena, ƙulli uku da jan zare a baki. Aka kafa itace a bakin rijiya. Mahaƙa suka ce sai wani ya fara sauka ya kwashe laka kafin su shiga da diga. Mai unguwa ya duba hagu ya duba dama, ya ce ai sha'anin ruwa yana da sarki. Aka sake yin irin tafin nan.

Aka ɗaura min igiya a ƙugu. Na waiga in ga masu riƙewa, sai na ga na farko a layi, wanda igiyar ke bi ta hannunsa, surukina ne. Na sunkuyar da kai, na zura ƙafa. Na sauka gaba biyu, gaba uku, haske yana ƙanƙancewa a sama. Sai na ji muryarsa, ba da ni yake ba, da mai unguwa yake, amma rijiya tana kawo magana har ƙasa.

Ya ce, "Ku gaya wa sarkin ruwa ya rage motsi. Ramar ba ta gama jiƙa ba aka tsame ta."

Addu'o'in da na karanta tsakanin nan da ƙasan rijiya, liman ma bai san wasunsu ba. Igiyar ta yi ƙara sau biyu, na yafe wa duk wanda ya taɓa cutata, har da mai unguwa. Amma ba ta tsinke ba. Kwana tara ana sauka da ita ana hawa. Rana ta goma, da hantsi, wani mahaƙi ya yi kabbara daga ƙasa, aka jawo guga cike da ruwa mai sanyi. A ranar nan tafkin bai fi shimfiɗar tabarma uku ba.

Aka miƙa wa surukina ƙwaryar farko. Ya sha, ya miƙa wa Baffa ya ce ga saura, bawa ya samu. Ni ina can gefe na juya baya, don ba zan sha ruwa a gabansa ba.